Garmar Alexander

Bukan Sidi, Lafiya
Farkon Fabrairu

Zuwa ga Yaya Francisca,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, ke da sauran masu koyon zama sista, da Mada mai kula da ku. Yaya sanyin Jos? Mu nan zafi ya fara, kafin azahar kujerar keken haya mai ƙafa uku da nake tuƙawa ta zama murhu. Ni lafiyata lau, sai ɗan ciwon bayan tuƙi. Mimidoo ’yar Kawu ce za ta kawo miki wannan, tunda tana zuwa can sarin dankali. An ce ba a ba ku waya sai takarda, to ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san makarantata ba ta yi nisa ba. Tibanci, yarenmu na gida, a baki nake da shi, Turancina na fasinja ne, Hausar da muka koya a littafin waƙoƙin coci ita kaɗai take yarda ta tsaya mini a kan layi.

Baba ne dalilin rubutun. Tun da kika koma bayan jana’izar yayanmu Alexander bai canza ba. Na kai shi asibiti, sun auna, sun ce jininsa ya ɗan hau, ba wani abu. Amma loma biyu yake yi ya ture kwano. Coci kuwa ya daina. Ran Lahadi na goge masa takalmi, na kawo keke har bakin ƙofa. Ya ce in tafi abina, shi ba shi da abin da zai faɗa wa Allah, in kuma Allah yana da abin faɗa, ya san ɗakin. Wannan fa mutumin da yake tashe mu da waƙa ne kowace safiya, har mu riƙa toshe kunne da zane.

Kin tuna buhun irin doya da garmar Alexander? Su kaɗai Baba ya ɗauko ranar da muka gudo daga ƙauye. Ya bar katifa, ya bar rediyo. Irin yana ƙarƙashin gadonsa. To, Yaya, ya fara tsiro. Ba ruwa, ba haske, amma ga ’yan kawuna sun leƙo. Kowace safiya Baba yakan jawo buhun, ya jera su a ƙasa, ya juya kowanne a hannu, ya mayar. Ke ma kin san irin doya: in ruwa ya sauka ba a sa shi a ƙasa ba, zai shanye kansa ya yanƙwane. Kuma wannan irin kakanmu ne, ba a samunsa a kasuwa.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Jiya na ɗauko wata mata ’yar wajenmu a tasha, na kawo ta ta gaishe shi, ko zai ɗan saki fuska. Bai tambaye ta ’ya’yanta ba. Hanya ya tambaye ta. Ko mota tana shiga ƙauye yanzu, ko akwai wanda ya koma, ko ’yar gadar nan tana nan. Ta ce ba kowa sai awakin da suka zama na daji, masu bindigar da suka kore mu kuma suna bi ta wurin duk lokacin da suka ga dama. Sai Baba ya ce, “Ƙasar dai tana nan.”

Tsorona kada wata rana in dawo daga aiki in tarar ba shi, ba buhun, ya koma gonar da aka kashe masa ɗa. Ina tuƙi ina lissafin hanyar da zan bi in leƙa gida, har fasinja sun fara cewa ban san gari ba. Ke da kika fi mu kusa da Allah, ki faɗa mini abin yi.

Ƙaninki,
Iorwuese


Gidan Sistoci, kusa da Jos
Tsakiyar Fabrairu

Ƙanena Wuese,

Salamar Almasihu ta kasance tare da kai da Baba. Ina lafiya, sai dai hannuna ya tsattsage da wanki a ruwan sanyi. Rubutunka ba shi da laifi. Ka dai riƙa barin fili tsakanin kalmomi, ba fasinja ba ne da za ka cusa su huɗu a kujera ɗaya.

Na karanta takardarka a ɗakin sujada, na ajiye ta a gaban gicciye. Kada ka ji tsoro. Allahnmu mai jinƙai ne, ba ya yashe nasa. Duk abin da ya same mu yana da dalili, ko da ba mu gane shi yanzu ba. Ka karanta wa Baba wannan wurin a hankali.

Ga shawarata. Ka je wurin Fada, limamin cocinku, ka roƙe shi ya ziyarci Baba. Ka riƙa jan rosari, carbinmu, a inda zai ji muryarka, ko da bai amsa ba. Batun doyar kuwa, na yi tunani a kai sosai. Ita ce take jan zuciyarsa zuwa ƙauye. In babu ita, babu abin da zai kai shi. Me zai hana ka ba Mimidoo ta dafa muku kaɗan-kaɗan, ko ka kai coci sadaka? Zai yi fushi na ɗan lokaci, amma fushin mai rai ya fi mana.

Abu biyu kuma ka sani. Na ɗaya, daga Larabar Toka, ranar da muke fara azumi, har Ista ba a ba mu takarda. Duk wadda ta zo, Mada take ajiyewa sai ranar tashin Ubangiji. In mutuwa ce ko ciwo mai tsanani, Allah ya kiyaye, sai ka kira wayar Mada, na rubuta lambar a baya. Na biyu, in Allah ya yarda, cikin daminar nan zan ɗauki alkawarina na farko na zama sista. Abin da na baro gida dominsa ke nan, Alexander ne ma ya rako ni har ƙofar nan yana tsokanata wai za a aske mini kai. Ina so in ɗaga ido a ranar in ga Baba a benci.

Ka ci abinci kai ma. Mimidoo ta ce wuyanka ya yi tsawo.

Yayarka cikin Almasihu,
Francisca


Bukan Sidi
Ƙarshen Fabrairu

Yaya,

Na gaishe ki. Takardarki ta iso da ƙamshin dankali, domin a bakin buhu Mimidoo ta soke ta. Muna nan lafiya, zafi dai sai ƙaruwa. Ga shi na bar fili tsakanin fasinjojin.

Kada ki ji haushi, amma ban karanta wa Baba wurin da kika ce komai yana da dalili ba. Ni na ɗauko Alexander daga gona ranar nan, ni na wanke shi kafin ki iso. Na duba jikinsa duka, ban ga dalili ba. Maganar dafa irin kuwa, Yaya, sanyin Jos ya sa kin manta gida? Shekarar da Mama ta rasu rogo muka yi ta ci har ya fita mana a rai, Baba bai taɓa iri ko ɗaya ba. In na sa shi a tukunya, gara in ɗauki Baba in kai shi ƙauyen da kaina.

Fada ya zo. Baba ya ba shi kujera, ya ba shi ruwa, ya bar shi yana magana shi kaɗai har ruwan ya ƙare. Mutum ɗaya Baba yake jurewa, Malam Kyari mai gidan da muke haya, tsohon ma’aikacin gwamnati. Da yamma sukan zauna a benci, Malam yana jan carbi, Baba yana kallon hanya. Na gaya wa Malam damuwata. Ya ce, “Fili ne matsalar? Ina da fili bayan unguwa. Ɗana Imran ya ce zai gina tun yana saurayi, har yau ƙadangaru ne ke haya a ciki, kuma ba sa biya. Ku je ku shuka.” Na zo da gudu na gaya wa Baba. Ya ce, “Ka yi masa godiya.” Bai je ya gani ba.

Na zauna na yi tunani, ina jin na gane. Kin san yadda ake yi a gidanmu. Ɗan fari ne yake tayar da kunyar doya ta farko, Baba ya sa iri a ciki ya kira sunansa a addu’a, sannan sauran gona ta biyo baya. Alexander kuwa kunyoyin bana yake tayarwa ranar da masu bindigar suka zo. Kunyarsa ta farko tana can a kusurwar gona, ba a sa mata komai ba. Ita Baba yake gani in ya rufe ido, ba filin Malam ba.

Yanzu ya fito da garmar. Kullum yana wasa ta da dutse, ƙarar tana shiga mini har haƙori. Shekaranjiya kuma ina wucewa sai ya kama hannuna, ya miƙe shi, ya bi shi da tafinsa daga kafaɗa har yatsu, a hankali. Na ce, “Baba, lafiya?” Ya ce, “Kai gajere ne kamar uwarka.” Ya sake ni. Tun ina yaro bai taɓa riƙe ni haka ba. Na fita na zauna a keke na kasa tayar da shi. Haka mutum yake taɓa abin da zai bari.

Ki yi addu’a. Ni tawa ta gajarce. “Ya Yesu, ka ji tausayi,” ita ke nan. Ita nake yi a cunkoson bakin kasuwa, masu mashin suna zagina ina amsa musu da ita a ciki.

Iorwuese


Gidan Sistoci
Talata, jajibirin Larabar Toka

Wuese,

Gaisuwa a gurguje, Mimidoo tana tsaye a ƙofa direba yana mata hon. Ina lafiya.

Ka yi gaskiya, na yi magana kamar wadda ba ta ga akwatin gawar ba. Ka manta da batun dafa irin.

Amma garmar nan, Wuese, ka ɗauke ta. Ka ɓoye ta a inda ba zai gani ba. Baba ba zai tafi gona hannu biyu ba, na san shi. Muddin ba ta hannunsa yana nan. Ka karɓi filin Malam Kyari, da an yi ruwa ka sa a tayar da kunyoyi, ya zo ya gan su a shirye. Wataƙila in ya ga ɗanyar ƙasa zuciyarsa ta motsa.

Tun da na karanta yadda ya riƙe hannunka ban iya gama addu’a ɗaya ba, ina farawa sai in tsinci kaina a hanyar ƙauye. Ina gaya maka abin da ban gaya wa Mada ba: in Baba ya tafi, ba zan zauna nan ba. Ba zan iya durƙusawa in yi wa Allah alkawari ba alhali na bar ka kai kaɗai da kaburbura uku.

Daga gobe ba zan ji daga gare ka ba sai Ista. Ban san yadda zan yi da wannan shirun ba. Allah ya ji ƙanmu.

Francisca


Bukan Sidi
Cikin azumi, bayan ruwan fari

Yaya Francisca,

Na san wannan za ta kwana a akwatin Mada har Ista, amma ba ni da wanda zan faɗa wa. Ina gaishe ki. Jikinmu lafiya.

Ranar Larabar Toka na je Mas, sujadar coci, da sassafe. Da na dawo Baba ya kalli tokar da Fada ya shafa mini a goshi ya daɗe, ya ce, “Toka tana da amfani.” Ban san ko ba’a yake yi ba.

Na yi yadda kika ce. Ya shiga wanka, na ɗauke garmar na kai sito ɗin Malam Kyari, na tura ta bayan buhunan gawayi. Ya fito ya leƙa ƙarƙashin gado, ya leƙa bayan ƙofa, sannan ya kalle ni. Bai tambaya ba. Da ya zage ni da ya fi mini. Tun ranar in na kawo abinci sai ya ce, “Ajiye,” kamar yadda ake gaya wa yaron shago.

Azuminmu da na su Malam ya haɗu bana. Da an kira magariba Hajiya Fanna matarsa takan aiko da kunu da ƙosai har bencin. Malam ya tura wa Baba kofi ya ce, “Dattijo, naka azumin ya fi nawa tsanani, ni dai ina shan ruwa in rana ta faɗi. Wane Fada ne ya ɗora maka wannan?” Baba ya kusa yin murmushi, na gani da idona. Ya sha rabin kofin. Na shiga ɗaki na gode wa Allah a kan rabin kofin kunu, ki ga inda muka kai.

Ruwan fari ya sauka, mai kyau, har ya shiga mana ta taga. Na nemo samari ’yan ƙwadago suka tayar da kunyoyi a filin Malam, manya-manya, a jere. Na ce wa Baba ya raka ni wani wuri. Ya shiga keke ba musu. Da muka isa ya sauka, ya bi layi har ƙarshe, ya dumbuzi ƙasa ya murza, ya sansana. Ya ce, “Sun iya aiki. Gonar wa ce?” Na ce, “Taka ce, Baba.” Ya karkaɗe hannu ya kama hanyar gida da ƙafa. Na bi shi a baya da keke a hankali, yara suna mana dariya.

Irin ya yi tsiro har yana huda buhu. Wasu sun fara laushi. Yaya, na gaji. Ba aikin ne ya gajiyar da ni ba, jiran ne. In na ga tsoho da buhu a gefen titi sai na taka birki. Wani lokaci ina tambaya, tausayin nan da nake ta roƙo, ina yake sauka? Na san ba a tambayar Allah haka, amma ke za ki zama sista, ki roƙa mini gafara.

Na sake buɗe takardar in ƙara wannan. Yau da safe na dawo daga ɗebo ruwa, Baba ba ya nan. Buhun ba ya nan. Na ruga sito, garmar ba ta nan. Malam Kyari ya ce, “Garmarsa ce, ya tambaye ni. Ba zan yi wa dattijo ƙarya da azumi a bakina ba.” Bai tambaye shi inda za shi ba. Mimidoo tana tafiya yanzu, na ba ta wannan. Ni na nufi tasha.

I.


Gidan Sistoci
Litinin bayan Ista

Iorwuese,

Almasihu ya tashi. Na rubuta ne kawai domin haka ake farawa.

Jiya bayan Mas Mada ta raba mana takardu. Kowa tana dariya tana buɗe tata, ana kaɗa ganga a tsakar gida. Tawa ɗaya ce. Na karanta har inda ka ce ka nufi tasha, na juya bayan takardar, ba komai. Na koma wurin Mada na tambaya ko akwai wata, ta zazzage akwatin a gabana. Na tambaya ko an kira waya cikin azumi, ta ce ba wanda ya kira. Ta ba ni wayarta na kira lambarka, a kashe. Na sake kira, a kashe. Makonni sun wuce da wannan safiyar, Wuese. Ina raira waƙoƙin azumi, ashe ban san ko ina da uba ba. Ko kuma kai ma ka bi shi, shi ya sa ba mai kira?

Ni na ce ka ɓoye garmar. Wannan ma yana cina.

Na haɗa jakata. Na gaya wa Mada komai. Ba ta hana ni ba, ba ta yi mini wa’azi ba. Ta zauna kusa da ni a bakin gado, tsohuwa da ciwon gwiwa, ta riƙe hannuna kawai. Ta ce in ba wa wannan takarda lokaci ta je ta dawo, in ba amsa ran Juma’a ita da kanta za ta kai ni tasha.

Ka tambaye ni ina tausayin Allah yake sauka. Da a da ne da na cika maka shafi. Yanzu abu ɗaya ya rage mini. Lokacin da Ubangijinmu ya tsaya a bakin kabarin abokinsa, ’yan’uwan mamacin suna kuka, bai fara da yi musu bayani ba. Shi ma kukan ya yi. Shi nake riƙe da shi, wanda ya san hawaye. Ba zan roƙa maka gafarar tambayar ba, domin ni ma ita nake yi.

Direban motar Lafiya zai kai wannan wurin katekis ɗinku, malamin coci. In kana raye ka amsa, ko layi ɗaya ne.

Yayarka,
Francisca


Bukan Sidi
Laraba bayan Ista

Yaya,

Ya tashi haƙiƙa. Baba yana raye. Yanzu haka yana waje yana faɗa da awakin maƙwabta. Ni ma ina raye. Na sa katekis ya kira Mada, amma labarin ya fi ƙarfin waya, ga shi a rubuce.

Ki yafe mini shirun. Wayata a tasha aka zare ta a safiyar nan, ina ta kutsawa tsakanin motoci. Na rubuta miki wata takardar washegari na ba Mimidoo, na saki jiki cewa za ki karanta su tare. Ashe zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta sake zuwa Jos ba. Takardar tana cikin jakarta har yau, ta sha manja.

Ga yadda aka yi. A tasha ba wanda ya ga tsoho da buhu. Na kama hanyar ƙauye da keke har inda jami’an tsaro suka tare hanya. Suka ce ba a wucewa, ba su kuma ga kowa ba. Na juyo ina kuka kamar ƙaramin yaro, fasinja suna ɗaga hannu ina wuce su. Ban san abin da ya kai ni filin Malam ba. Ina jin so nake in tattake kunyoyin nan da ba su amfane ni da komai ba.

Sai ga Baba zaune a gindin kashu. Ya shimfiɗa buhun, ya yanyanka manyan irin, ga gwangwanin toka da ya roƙo daga murhun Hajiya Fanna, yana shafa wa kowane yanki a inda wuƙa ta bi don kada ya ruɓe. Garmar tana jingine kusa da shi, da sabuwar ƙota fara tas.

Ya ce, “Ina ka shiga? Rana ta take.”

Na ce, “Baba, na ɗauka ka koma ƙauye.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Na yi niyya. Wata safiya har na ɗaura takalmi. Sai na ga in na tafi za ka biyo ni da wannan gwangwanin naka mai ƙafa uku. Na riga na ba wa gonar can ɗa ɗaya.”

Ashe ƙotar tuni ya sassaƙa ta, ya ɗora ta a rufin kicin ɗin Malam tana bushewa. Da safen nan wurin maƙeri ya je a haɗa. Ya ce da ba don ɓoye-ɓoyena ba da an gama tun kafin ruwa.

Ya tashi ya kai ni kusurwar filin. Ya riga ya baje kunya ɗaya da ƙafa, ta zama daidai da ƙasa. Ya ce, “Sauran a bar su, yaran sun iya aiki. Amma ta farko ba ta ɗan ƙwadago ba ce.” Ya miƙo mini garmar.

Na ja da baya. Na ce, “Ta Alexander ce.”

Ya ce, “Ƙarfen nasa ne. Ƙotar kuwa, da hannun wa na auna ta?”

Yaya, na karɓa. Kin san Alexander dogo ne, tsohuwar ƙotar in na ɗaga ta sai ta ja ni gaba. Wannan kuwa ta zauna mini kamar tare aka haife mu. Ranar da ya kama hannuna na ce sallama yake yi, ashe awo yake yi.

Na tayar da kunyar. Shekarun tuƙi sun lalata ni, ta fito a karkace kamar wani ya zauna a kanta. Baba ya zagaya ta ya ce, “Kaza in ta yi tono ta fi wannan tsayi. Ƙara ƙasa.” Na ƙara. Ya ce, “Allah dai ya gani.”

Sai ya durƙusa, gwiwa biyu a ɗanyar ƙasa. Ya ɗauki irin da ya fi tsiro, ya yi alamar gicciye, abin da ban ga ya yi ba tun Disamba da aka kashe Alexander. Ya fara yadda yake farawa kowace shekara: “Ya Uba mai jinƙai, ga kunyar fari daga hannun ɗana Alex…” Bakinsa ne ya tafi da kansa. Ya tsaya. Kin san ko a jana’iza bai zubar da hawaye ba. A nan ya yi kukan, da ƙarfi, irin a hannunsa, har wata mata da ke wucewa da itace ta sauke kayanta ta tsaya. Na durƙusa kusa da shi.

Da ya lafa ya share fuska da gefen riga, ya ci gaba da addu’ar. Ya ce, “Wancan yana wurinka. Ka riƙe shi da kyau. Wannan da ka bar mini, Iorwuese ne.” Ya sa irin, ya rufe, ya ɗora masa hular ciyawa.

Muna komawa gida na yi ƙarfin hali na ce, “Baba, kun shirya da Allah ke nan?” Ya ce, “Ni na daina yi masa magana. Shi bai daina ba. Kullum in na jawo buhun nan sai in ga ya ƙara tsiro, a cikin duhu, ba wanda ya roƙe shi.” Daga nan ya ce in kula da rami, tuƙina ma a karkace yake.

Ba zan ce miki komai ya gyaru ba. Ran Ista ya je Mas, ya zauna a bencin baya, bai yi waƙa ba, ƙafarsa dai tana bin ganga. Akwai safiyar da har yanzu yake ture kwano. Ƙauye ba ranar komawa. Imran kuma ya zo ya ga filin ya yi kyau, ya fara maganar bulo. Baɗi ban san inda za mu sa irin ba. Addu’ata har yau gajerar nan ce.

Amma ki kwance jakarki. Baba ya ce zai zo ranar alkawarinki in an sami mai korar awaki, Malam Kyari ya ce shi zai zauna da carbinsa ya kore su. Ya kuma ce a gaya miki ya ji labarin wadda ta ce a dafa irin kakanta, zai yi maganar da Mada.

In rubutun ya karkace, tafin hannuna ne duk ya yi bororo. Kunyar farin ta riga sauran fitowa. Jiya na kafa mata sanda, yau na tarar ta kama.

Ƙaninki,
Iorwuese